Jan Bulo a Zango

Zuwa ga mahaifina, Usta Ummaru magini,

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifinta, ina roƙon Allah Ya yalwata makwancinka, Ya sa kana cikin rahama. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, babu motar da ke zuwa inda kake. Ko da kana raye ma, da miƙo mini ita za ka yi ka ce in karanta maka, don kai da rubutun Hausa na boko ba ku taɓa shiri ba. To ga shi ni zan rubuta, ni zan karanta, kamar yadda muka saba. Shekara huɗu ke nan da muka rabu, sai yau na sami labarin da ya kai in zauna in ba ka.

Baba, mun gina gidan. Da jan bulo muka gina shi, a nan zangonmu, a filin da ka bari, kuma Inna tana ciki. Yanzu haka tana zaune a baranda tana yanka kuɓewa tana faɗa da kajin ɗan'uwana Bashir. Na fara maka da ƙarshen labari ne don na san halinka. Kai ne mai cewa a nuna maka bango, kada a ba ka labarin bango.

Ka fi ni sanin dokar garin nan, amma bari in faɗe ta yadda na taso na ji ta, ka ga inda ta tsaya mini a wuya. Kakanka ya baro ƙasar Sakkwato da ƙafa da niyyar Makka. Da ya iso bakin kogin nan guzuri ya ƙare, sai ya ce a yada zango a yi noman damina ɗaya. Damina ɗayar nan ce muke ciki har yau. Shi ya sa tsofaffinmu ba su cewa gari sai zango, shi ya sa ba a gina ɗaki sai na laka, wanda mutum zai juya wa baya ya kama hanya ba tare da waiwaye ba. Mahaifinka Malam Sambo ya bar mana maganar da ko yaron goye ya haddace: “Wanda duk ya aza jan bulo ya aje niyyatai.”

Kai kuwa jan bulo ne abincinka. Rufa'a, Madani, Sinnar, ina ne ba ka ɗora bulo ba? Idan muna cikin mota sai ka riƙa nuna mana gidaje da haɓa, wancan naka ne, wancan ma naka ne. Sai mu dawo gida mu tarar da namu bangon ya buɗe baki. Ƙasar nan tamu baƙa ka san rashin mutuncinta: da rani ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta sha ruwa ta kumbura ta ture duk abin da aka ɗora mata. Kowace shekara ina kallonka, mutumin da attajirai ke bi da roƙo, ka tsuguna kana cusa laka a tsagar ɗakin Inna da hannunka. Idan an yi ruwa kuma Inna ta jera kwanoni da tasoshi a ƙasa, mu kwana muna jin ɗigo kowanne da muryarsa. Abin yana ci mini rai tun ban san sunan abin da ke ci mini rai ba.

Ka tuna ranar da ka tafi da ni Madani ina shekara goma? An kira ka gyaran wani gida cikin tsofaffin gidajen ma'aikatan auduga, waɗanda ka ce ubangidanka ya gina yana saurayi, wajen lokacin da Turawa ke shirin tafiya. Ban taɓa manta gidan nan ba. Dogo ne a kwance, ba bene, ba ado ko ɗaya. Rufinsa shimfiɗaɗɗe ya zarce bango sosai, har rana ba ta samun jikin ginin sai ta yi sanyi. Ga baranda ta kudu, ga ta arewa, da siraran ginshiƙai. Ga wani bango da aka jera bulonsa da ramuka, haske na shigowa yana zana ƙasa. Can sama dab da rufi kuma ga ƙananan tagogi a jere. Da tsakar rana muka shiga, a watan da ko ƙadangare ke neman inuwa, na ji kamar an zuba mini ruwan randa. Ka kama hannuna ka ɗora a ramukan bangon, ka ce, “Ji nan, Nafisa. Gidan ga numfashi shika yi.” Ka nuna mini yadda iska ke shiga ta ƙasa, zafi ya hau ya fice ta sama. Daga ranar nan na san abin da zan karanta, ko da yake kai ka ɗauka ƙosan da ka saya mini a tasha ne ya sa nake ta murna a hanya.

Yanzu ga abin da ya sa na daɗe ban iya rubuta maka ba.

Da na gama jami'a, mutanen zango suka fara ce mini muhandisa, wato injiniya, kaina ya yi girma har ba ya shiga ƙofar ɗaki. Na zauna wata biyu na zana mana gida, na kawo maka taswirar a naɗe kamar na kawo sarauta. Ka shimfiɗa ta a tabarma ka daɗe kana dubawa. Ka sa yatsa a tagogin da na buɗe wajen yamma, manya-manya na gilashi, ka ce waɗannan za su gasa mutane da la'asar. Sannan ka naɗe ta a hankali ka miƙo mini, ka ce, “Ba yanzu ba, ya bitti, ɗiyata.” Ni kuwa sai bakina ya riga hankalina. Na ce da kai ka gina wa kowa gida ban da matarka. Na ce tsoro ne kawai, ka fake da niyya, alhali zuriya uku ana tafiya ko bakin teku ba a kai ba. Na ce mutumin da ya san bulo irin saninka ya bar iyalinsa a laka, ba tawali'u ba ne, rashin zuciya ne. A gaban Inna na faɗa, a gaban Bashir. Ka juya kana kallon tsakar gida, ni kuma na ɗauka kunya ce ta hana ka kallona, har na ji daɗin na yi nasara.

Wata bakwai ka yi bayan nan. Na zo gida sau huɗu a cikinsu, kowane zuwa da haƙuri a bakina, kowane zuwa in ajiye maka ganyen shayi da sukari mu yi hirar farashin siminti in koma. Me ya hana ni? Kalma nawa ce? Na ɗauka akwai lokaci, shi ke nan.

Bari in koma kan labarin gida. Daminar da ta wuce, bangon ɗakin Inna na baya ya faɗi. Da la'asar ne, ana ruwa, ta fita ta kora awaki rumfa, kafin ta juyo bango ya kwanta a kan angarib ɗinta, gadon igiyar nan da ka ɗaura mata, ya karya shi biyu. Da awakin nan ba su yi taurin kai ba, da yanzu ku biyu nake rubuta wa. Na zo a gigice na ce ta tattara mu koma Madani wurina. Ta ce ba ta barin inda aka binne ka. Na ce to a gina mata na bulo a nan. Ta dube ni ta ce, “Ubanku bai kwana ƙarƙashin jan bulo ba, ni ko ba ni kwana.” Ta kwashe kayanta ta koma ɗakinka, wanda tsagarsa ta fi ta wancan faɗi, hannuna yana shiga har wuyan hannu. Na san ɗakin nan ba zai ga ƙarshen wata damina a tsaye ba. Watanni tara ke gare ni in fitar da ita.

Na je wurin ƙanenka Baffa Haruna, tunda shi ne babba yanzu. Ko zama ban gama yi ba ya ce a'a. Ya ce abin da Malam ya hana, kuma yayansa ya mutu bai yi ba, ba ɗiya mace za ta zo ta yi shi da takarda a hannu ba. Bashir kuwa ka san ɗanka. A bayan ido zaki ne, ya ce mini ko gobe a fara, amma da ya ga rawanin Baffa sai ya tuna yana da ban ruwa a hawasha, gonarsa ta noman rani.

Sai na yi abin da ka san zan yi. Na ce ba gini zan yi ba, ƙasa kawai zan duba, ai duba ƙasa ba aza bulo ba ne. Na ɗauko masu haƙa biyu daga Rufa'a da safe, na ce su haƙa mini rami in ga zurfin baƙar ƙasar. Kuma don neman magana, sai na nuna musu tsakar gida, daidai wurin da ka hana a taɓa. Ka tuna da dashen lemon da na kawo daga makaranta ina aji huɗu, na fara tona masa rami a wurin, ka daka mini tsawar da ba ka taɓa yi mini irinta ba? Ka tuna muna yara mun fi son yin 'yar gala-gala a nan, don ko an yi ruwa wurin ba ya caɓewa kamar sauran gidan? Ban taɓa tambayar dalili ba. Na yi shekara biyar ina karanta ƙasa da gini, ban taɓa tambayar abin da ke ƙarƙashin ƙafata ba.

Ba su kai kamu biyu ba diga ta yi ƙara. Mai haƙan ya ce dutse ne. Na ce babu dutse a ƙasar nan. Na sauka ramin da kaina na share da hannu, sai ga ja. Bulo ne, Baba, jere a kan jere, ko motsi bai yi ba. Da na goge bakin simintin da ke tsakaninsu sai na ƙura masa ido. Kai bahago ne, kuma duk inda ka goge siminti da cokalinka shafar takan karkata ta hagu. Na sha nuna wa abokan karatuna wannan a gine-ginen Madani ina alfahari. Ga ta nan a tsakar gidanmu, an binne ta.

Inna ta fito da tire a hannu, ta leƙa ramin, ta ajiye tiren a ƙasa ta zauna kusa da shi. Ban tambaye ta ba, ita ta fara. Ta ce shekarar da aka haife ni ne. Malam Sambo ya tafi Sinnar jinyar ido, aka ce zai daɗe. Kai kuma ka je bakin kogi ka buga bulonka ka gasa da kanka, ka kawo a keken jaki. Kwana arba'in kana haƙa, ka bi baƙar ƙasar nan har ka wuce ta ka tarar da mai tauri, ka zuba yashi, ka taso da harsashi. Saura kusurwa ɗaya wani ya kai wa Malam labari. Ya dawo da ido ɗaya a ɗaure, ya tsaya a bakin ramin, bai ɗaga murya ba, ya faɗi maganarsa ta niyya sau ɗaya ya shige. Kai kuwa ka ɗauki shebur. Kafin rana ta faɗi ka mayar da ƙasar duka, ka daddaɓe, ka yi alwala ka bi shi sallar magariba. Ka sa Inna ta yi maka alkawarin ba za ta faɗa wa 'ya'yanka ba, don kada mu taso muna ganin kakanmu da laifi.

Baba, ashe abin da kake kallo ke nan ranar da na ce ba ka da zuciya? Ashe a kansa nake tsaye ina zaginka? Me ya sa ba ka ce in ɗauko diga ba? Kalma ɗaya da ka faɗa da ta rufe mini baki har abada, amma ka zaɓi ɗiyarka ta raina ka da ta raina mahaifinka. Na zauna cikin ramin nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka, masu haƙa suka rasa inda za su sa idonsu.

Mako guda muka yi muna buɗe harsashin. Kowace safiya wani layi ya fito, ni kuma ina biye da awo ina zanawa. A rana ta huɗu na gane abin da nake zanawa. Gidan Madani ne. Dogo a kwance, baranda kudu da arewa, bangon yamma a toshe ba ko taga. Shekara goma kafin ka kai ni can ka riga ka kawo shi gida. Ashe ba gidan mutane ka kai ni gani ba, naka ka nuna mini ta inda za ka iya. Inna ta sauka tana bin layukan da ƙafa, ta tsaya a wani murabba'i wajen arewa ta ce, “Nan yac ce ɗakina. Har ya auna inda randa za ta zauna.” Daga nan ban ƙara roƙonta ba. Ita da kanta ta ce wannan ba gidan muhandisa ba ne, na mijinta ne, kuma za ta shiga. Amma ta kafa sharaɗi: sai Baffa ya yarda, don ba ta shiga gidan da zai raba zumunci.

Abu ɗaya ne a harsashinka wanda babu shi a gidan Madani. A ƙarshen gabas, ta bakin hanya, akwai wani ɗaki babba da ya fita daga jikin gidan, da gurbin ƙofa biyu, ɗaya waje ɗaya ciki. A nan ne kusurwar da ba ka gama ba. Na tsaya ina juya takarda ina tunanin ko wurin ajiya ne, sai na ji sandar Baffa a bayana. Duk makon nan bai leƙo ba, ko da yake gari duka ya zo kallo. Ya nuna wurin da sandarsa ya ce, “Zaure na, zauren baƙi.” Ya ce ranar da Malam ya dawo ka yi ƙoƙarin faɗa masa cewa wannan na matafiya ne, duk wanda ya biyo hanyar gabas ya sami inda zai sauka, kuma mai saukar da matafiyi bai fita daga tafiya ba. Malam bai tsaya ji ba. Na ce Baffa, kai ina ka san wannan? Sai ya zauna a kan tarin ƙasa, da farar rigarsa, ya ce, “Ni nat tahi Sinnar. Ni nak kai ƙara.”

Ka san wannan, ko ba haka ba? Ka sani, kuma fiye da shekara ashirin kuna cin tuwo a kwano ɗaya, kai ka yi wa 'ya'yansa walicci, ba ka taɓa nuna masa a fuska ba. Ni da na ji, raina ya ɓaci har na buɗe baki. Sai na tuna abin da bakin nan ya taɓa jawo mini, na rufe shi. Ka ga na fara hankali, ko da yake a makare.

Washegari da hantsi Baffa ya dawo ya naɗe hannun riga, ya ce a ba shi cokalinka. Inna ta ɗauko shi daga ƙasan akwati. Ya sauka kusurwar nan da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya yi bisimilla ya aza bulon da ka bari. A karkace ya aza shi, Baba, ko makaho ya gani. Maginin da na ɗauka ya matso zai gyara, na harare shi. Yana nan a karkace ƙarƙashin zauren, na ɗaure shi da kankare, ba inda za shi. Sharaɗin Baffa ɗaya ne, kada a sa wa ƙofar zauren ta waje ƙyaure har abada, don zango ba ya kulle. Na ce na ji, na kuma rubuta a jikin taswira da babban baƙi.

Tsohuwar taswirata kuwa, mai tagogin gilashi, Inna ta shimfiɗa ta a ƙasan kwandon albasa, kuma nan ne ta fi amfani. Na sake zane daga farko a kan layukanka. Sai da na kira wani abokin aikina ya gwada harsashin, ya haƙa gefensa ya ga zurfin, ya tambaye ni wane kamfani ne ya yi. Na ce wani bahago ne da jaki. Na zagaye shi da ɗamarar kankare, na ɗaga daɓen gidan daga ƙasa yadda in baƙar ƙasa ta kumbura ba za ta same shi ba. Rufin na kankare ne, shimfiɗaɗɗe, ya zarce bango kamu uku. Ginshiƙan baranda sirara ne kamar na can. Bangon ramukan nan na sa shi a kudu, tsakanin baranda da tsakar gida, kuma ni da hannuna na jera layin farko. Ƙananan tagogin sama suna nan, goma sha huɗu, na sa musu raga saboda sauro, abin da mutanen wancan zamani ba su yi ba.

Na ƙara abubuwan da ba ka sani ba, kada ka yi fushi. Akwai faifan hasken rana a kan rufi, yana ba mu fitila da fanka da firij. Akwai banɗaki a cikin gida kusa da ɗakin Inna, da ƙarfen dafawa a bango saboda ƙafarta. Na yi ɗakin girki na zamani da famfo da kantoci, na yi ta taƙama da shi, Inna ta leƙa sau ɗaya ta ce madalla, sannan ta tambaye ni ina za ta hura wutar kisra, wainar dawar nan tamu. Dole na fitar mata da rumfa a bayansa da murhu a ƙasa, kuma a nan ake dafa duk abin da ake ci a gidan. Ɗakin girkina ya zama wurin ajiye tulun mai. Bashir da matarsa da yaransu uku suna ɓangaren yamma, ni kuma ina da ɗaki ɗaya na ranakun Alhamis da Juma'a.

Ban shafe bulon da siminti ba, ban yi masa fenti ba, na bar shi ja yadda yake. Wannan ya dami mutane ƙwarai. Har yau in na fito sai wata ta tare ni da tausayi ta ce, “Ma'alesh, yi haƙuri, muhandisa, Allah Shi kawo na gamawa.” Na gaji da bayani, yanzu amin kawai nake cewa.

Ba zan ɓoye maka ba, ba kowa ya yarda ba. Akwai dattawa biyu da suka daina bi ta ƙofarmu, suna zagayawa ta bakin tur'a, magudanar ban ruwa, sun ce gidan Malam Sambo ya ajiye niyya. Ban ce sun yi ƙarya ba, ban ce sun yi gaskiya ba, ina gaishe su in mun haɗu. Amma gidaje uku sun aiko a asirce suna tambaya ko zan duba musu ƙasa, kuma ɗaya daga ciki gidan ɗan ɗaya daga dattawan nan ne. Zauren kuwa bai yi mako biyu ba ya sami baƙi, wasu masu tafiya noman riɗi su biyar da motarsu ta lalace a hanya. Baffa da kansa ya kai musu shayi, yana tafe yana ƙafafa kamar shi ya gina. Yanzu can yake wuni. Ya ce in Allah Ya nufi Inna da tafiyar da kakanni ba su ƙarasa ba, ta ƙofar nan za ta fita, kuma ni da Bashir mun sa wannan a gaba.

Kwana goma kafin ruwan farko muka gama. Inna ba ta yarda kowa ya ɗaukar mata randa ba, ita ta rungumo ta ta kai ta inda ka auna, ta zauna daram. Ta rataye cokalinka a saman ƙofar ɗakinta. Da safe na tambaye ta yadda ta kwana, ta ce gidan ya cika shiru, ba ta ji ɓera ko ɗaya ba, kamar abin ƙorafi.

Baba, ka yafe mini. Abin da na zauna rubutawa ke nan tun layin farko nake ta kewaye-kewaye. Na ce ba ka da zuciya, alhali ban san zuciyar da ake buƙata mutum ya binne aikin kwana arba'in da hannunsa ya tafi sallah ba. Ni ban da irinta. Ni abin da na iya shi ne taurin kai, kuma ka ga wannan karon ya yi rana.

Saura labari ɗaya in bar ka ka huta. Ranar Talatar da ta wuce aka yi ruwan farko mai ƙarfi, da la'asar, irin mai zuwa da iska daga kudu. Muna zaune a baranda ni da Inna. Da ɗigon farko ya bugi ƙasa sai na ga ta zabura ta shige ciki da sauri, ta manta da ciwon ƙafa. Na bi ta. Na same ta a tsakiyar ɗakinta ta rungumo kwanoni huɗu da tasa, kanta a sama, tana bin rufin da ido daga kusurwa zuwa kusurwa tana jiran inda zai fara. Ruwa na zuba a waje kamar da bakin ƙwarya. Ta jira, ta jira. Sannan ta dube ni, ta dubi kwanonin da ke hannunta, ta ce, “To, ina za ni aje su?” Sai dariya ta kama ta, har ta zauna a bakin gado, daga nan dariyar ta koma kuka, ta riƙa kiran sunanka, sunan da ban taɓa jin ta faɗa da bakinta ba tun da aka haife ni. Na karɓi kwanonin na mayar da su ɗakin girki. Ko ɗaya bai jiƙe ba.

Ka huta lafiya, Usta. Allah Ya gafarta maka, Ya gafarta wa Malam Sambo, Ya ba ka gidan da ya fi wanda ka binne. Kai ka riga mu isa, mu muna nan a zango tukuna, amma Inna tana kwana a ɗakin da ka auna mata.

Ɗiyarka mai kaifin baki,
Nafisa, wadda ta ɗora a kan abin da ka aza.